Yadda Sunan Garin Lassa Ya Koma Sunan Cuta

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da waɗanda dama sun fi son su karanta a natse.

Bari in fara da tambaya. In na ce "Lassa", me ke fara zuwa muku a rai? Na san amsar: ɓera, zazzaɓi, sai sanarwar da hukumar NCDC ke fitarwa duk lokacin rani. Mutum nawa ne za su ce gari ne? To gari ne kuwa, a kudancin jihar Borno, cikin ƙaramar hukumar Askira/Uba, ƙasar Margi. Yana nan da sunansa da kasuwarsa da gonakinsa tun kafin wani likita a duniya ya san da wannan cuta. Yau idan ka rubuta sunan a Google, hoton ɓera ne zai fara yi maka sallama. Kuma abin haushin, jihohin da cutar ta fi addaba a shekarun nan su ne irin su Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Garin da ke ɗauke da sunan ba ya cikin sahun gaba.

Wa ya raɗa wannan suna, kuma da izinin wa? Don a gane amsar sai mun koma baya sosai, zuwa lokacin da ba wanda ya taɓa ganin bairos da ido.

Mu Hausawa muna da sunayenmu tun kaka da kakanni. Agana, ƙyanda, ƙarambau, hangum, shawara, shan inna, haukar kare, da bushiya wadda ta ƙarar da garkunan Fulani a shekarun 1890. Duk waɗannan bairos ne ke kawo su. Amma ku lura, sunayen na ciwon ne, wato abin da ido ya gani a jikin mutum ko dabba, ko abin da aka yi imani shi ya jawo shi, kamar dai shan inna. Turawa ma haka suke a wancan lokacin, ba su fi mu sanin abin da ke ciki ba. Sunan ciwo daban, sunan ƙwayar da ke kawo shi daban. Ku riƙe wannan bambancin, za mu buƙace shi a gaba.

Labarin bairos a kimiyyance ya fara ne daga ganyen taba. E, taba dai. Manoman taba a Holan suna fama da wata cuta da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. Wani masani Bajamushe, Adolf Mayer, ya nuna a 1886 cewa in ka matse ruwan ganye mai ciwo ka sa wa mai lafiya, shi ma sai ya kamu. Zamanin Pasteur ne da Koch, kowa ya ɗauka bakteriya ce. A lokacin akwai wata matata ta tangaran da Charles Chamberland, mataimakin Pasteur, ya ƙera a 1884, ramukanta ƙanana ne ƙwarai har bakteriya ba ta iya wucewa. A 1892 wani ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen tabar da ita. Ruwan ya fito tas, amma da ya shafa wa wata tabar, sai ta kamu. Shi Ivanovsky ya fi karkata ga cewa ko dafin bakteriya ne ya wuce. Bayan shekara shida, Martinus Beijerinck a garin Delft ya maimaita gwajin, ya ce a'a, wannan wani abu ne sabo: yana hayayyafa, amma sai a cikin rayayyen ganye mai girma. Ya ɗauka wani irin ruwa ne mai rai, ya kira shi da tsohuwar kalmar Latin, virus, wadda ma'anarta dafi. A wannan shekarar ta 1898, Friedrich Loeffler da Paul Frosch a Jamus suka gano irin haka a ciwon baki da kofato na shanu. A 1901 kuma tawagar Walter Reed a Kyuba ta nuna cewa abin da ke kawo zazzaɓin shawara shi ma yana ratsa matata. Wannan shi ne bairos na farko da aka tabbatar a ɗan Adam.

To kun ga matsalar? Shekara kusan arba'in ana siffanta abu da abin da ba ya yi. Matata ba ta tare shi, madubin likita ba ya nuna shi, ba ya tsira a farantin da ake kiwon bakteriya. Ta yaya za ka raba dangi ga abin da ba ka taɓa gani ba? Sai aka bi hanya mafi sauƙi, aka riƙa kiran kowanne da ciwon da yake kawowa.

Ido ya buɗe ne a shekarun 1930. A 1935 Wendell Stanley a Amurka ya tace bairos ɗin tabar nan har ya daskare ya zama ƙananan allurai kamar gishiri. Za ka iya ajiye shi a kwalba, in ka jiƙa ka shafa wa ganye ya ci gaba da aikinsa. Wannan ya ruɗa mutane ba kaɗan ba, don abu mai rai ai ba ya zama gishiri. Ya samu kyautar Nobel a 1946. Shekara ɗaya bayan aikinsa, Bawden da Pirie a Ingila suka nuna ba furotin ne zalla ba, akwai RNA a ciki. A 1939 aka ɗauki hotonsa a Jamus da sabon madubi mai aiki da lantarki, aka ga ashe sanda ce siririya. Sai Rosalind Franklin, matar nan da aka fi sani da hoton DNA, ta zo a shekarun 1950 ta fayyace gininsa.

Ku kawo zangarniyar gero a ranku. Ƙwayoyi iri ɗaya sun jeru suna zagaya sanda daga ƙasa har sama. To haka bairos ɗin taba yake: furotin iri ɗaya tak, guda wajen 2,130, sun jeru a murɗe, zaren RNA yana naɗe a tsakaninsu, tsakiyar kuma rami ne. Tsawonsa nanomita 300. In ka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Na shan inna bai wuce nanomita 30 ba, wato sai ka jera sama da 30,000 kafin su cika milimita guda.

Me ya sa furotin iri ɗaya ake ta maimaitawa? Crick da Watson sun ba da amsa a 1956, kuma ni amsar tana burge ni saboda sauƙinta. Bairos talaka ne. Bayanin gadon da yake ɗauke da shi gajere ne, ba zai isa ya tsara babban gida mai sassa daban-daban ba. Don haka sai ya yi dabarar mai buga bulo: ma'auni ɗaya, a yi ta bugawa, a jera. Kuma in da bulo iri ɗaya za ka rufe wani abu ta kowane gefe, hanyoyin da ke gabanka kaɗan ne. Ko ka murɗa su su zama sanda, ko ka haɗa su su zama dunƙule mai fuska 20 da kusurwa 12. Tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari, wadda ke da baƙaƙen faci 12, a kan wannan tsarin aka ɗinka ta. Donald Caspar da Aaron Klug suka fitar da lissafin a 1962. Na shan inna irin dunƙulen ne, furotin iri huɗu, kowanne guda 60.

Wasu kuma, lokacin da za su fito daga ƙwayar halittar da suka shiga, sai su yago wani yanki na fatarta su yafa. Riga ce ta maiƙo, da ƙayoyin furotin a jiki waɗanda su ne makullin shiga wata ƙwayar. Korona na da wannan riga, haka mura, ƙanjamau, Ebola da Lassa. Za ka ɗauka mai riga ya fi ƙarfi, ko? Akasin haka ne a waje. Sabulu na narkar da maiƙo, in rigar ta tafi makullin ya tafi. Shi ya sa aka dame mu da wanke hannu a 2020. Shi kuwa na shan inna tsirara yake, ƙoƙonsa mai tauri ne, yana jure ruwan ciki mai tsami, ya fita ta bayan gida, ya daɗe a kwata. Dalilin ke nan da ya sa masu sa ido kan shan inna suke ɗibar ruwan manyan magudanan Kano suna aunawa. Siffar abu ita ke gaya maka ta ina zai bi.

Yanzu an gani, sai rabon dangi. A 1948 Francis Holmes ya gwada raba su bisa wanda suke kamawa: na bakteriya, na tsirrai, na dabbobi, ya ba su sunaye biyu-biyu na Latin kamar yadda Linnaeus ya yi wa tsirrai. Abokan aikinsa suka yi watsi da tsarin. Rabawa da ciwo ma ba ta fi ba. Ɗauki ciwon hanta. Akwai A, akwai B, akwai C, sai ka ce 'yan ɗaki ɗaya. Ko kusa. Na A ɗan uwan shan inna ne. Na C ya fi kusa da na zazzaɓin shawara. Na B kuwa DNA gare shi, gidansu daban. Hantar ce kawai ta haɗa su, kamar fasinjojin da suka haɗu a mota ɗaya. Agana da ƙarambau duk ƙuraje ne, amma ba abin da ya haɗa su. A ɗaya gefen kuma, ƙyandar da ke kama yaranmu da bushiyar da ta kashe shanu 'yan gida ɗaya ne na kusa, har masana na ganin ƙyanda daga irin bushiya ta ɓalle ta shigo mutane.

A 1962 wasu masana uku, Lwoff da Horne da Tournier, suka ce a bar ciwo, a dubi shi kansa bairos ɗin. DNA ne ko RNA? Sanda ne ko dunƙule? Da riga ko babu? A 1966, a wani babban taron masana a Mosko, aka kafa kwamitin duniya na sunayen bairos, wanda daga baya ya zama ICTV. Har yau shi ne mai yanke hukunci kan dangi.

Sai David Baltimore a 1971, yana ɗan shekara 33. Shi tambaya ɗaya ya yi. Bairos ba shi da injin ƙera furotin, dole ya shiga shagon wani. Ku ɗauka ƙwayar halitta shagon tela ce, kuma telan ba ya karanta awo sai an rubuta shi a takarda iri ɗaya, wadda ake kira mRNA. To ta wace hanya kowane bairos ke mayar da bayaninsa irin wannan takarda? Na shan inna da korona sun zo da takardar a shirye, tela na karɓa ya hau ɗinki. Na mura da ƙyanda da Ebola da Lassa sun zo da ita a juye, don haka suna tafe da nasu magatakardan da zai kwafe ta daidai. Na agana DNA ne mai zare biyu irin namu. Na ƙanjamau kuwa shi ne ɗan duniya: RNA gare shi, amma sai ya mayar da shi DNA ya cusa cikin kundin mai shagon, ya zauna daram. Baltimore da Howard Temin, kowa a ɗakin gwajinsa, su suka gano sinadarin da ke wannan juyin a 1970, suka ci Nobel a 1975. Rukuni shida ya fitar, daga baya aka ƙara na bakwai saboda irin su ciwon hanta na B.

Kar ku ce wannan karatun jarrabawa ne kawai. Na ƙanjamau da na hanta B duk suna amfani da wancan sinadari mai juya RNA zuwa DNA. Shi ya sa magani irin tenofovir da lamivudine ke aiki a kan su biyun. Sanin hanyar mutum shi ke nuna maka inda za ka tare shi.

To duk wannan a manyan jami'o'i ake yi. A fagen aiki, inda ake kama sauro da kaska da ɓeraye ana aunawa, al'adar daban ce: inda ka samo abu, sunan wurin za ka ba shi. Yammacin Nilu a Yuganda, 1937. Dajin Zika, shi ma Yuganda, 1947. Marburg a Jamus, 1967, don kar a ce Afirka kaɗai aka yi wa. Ɗakin gwajin bairos na Jami'ar Ibadan ya yi wannan sosai a shekarun 1960. Akwai bairos mai suna Dugbe, sunan kasuwa a Ibadan, daga kaskar shanu aka samo shi. Akwai Mokola, sunan unguwa, daga jaɓa. Akwai Jos, akwai Potiskum, akwai Shuni. Na tabbata da yawa cikin 'yan Potiskum da ke sauraro yau suka fara jin suna da takwara. Ba wanda ya damu, saboda waɗannan ba su yi kisan da ya shiga jarida ba.

Na Lassa ya shiga.

Watan Janairun 1969 ne, ana tsakiyar yaƙin basasa. A asibitin mishan na Lassa akwai wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, dattijuwa, Laura Wine. Ta fara da ciwon baya da zazzaɓi, maƙogwaro ya yi gyambo, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi komai ba. Aka ɗauke ta a ƙaramin jirgi zuwa asibitin mishan na Jos, wanda aka sani da Evangel, ta rasu a can. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kwanta, ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, ta taimaka wajen binciken gawar Shaw, ita ma ta kamu. Ita aka kai Legas, daga nan aka sa ta a jirgin fasinja zuwa New York. Ku yi tunanin wannan a yau! Ta sha wuya na makonni, amma ta rayu.

Wani likita a Jami'ar Columbia, John Frame, ya tura jininsu zuwa Jami'ar Yale, inda Jordi Casals da Sonja Buckley da Wilbur Downs suka ware ƙwayar. Suka gwada ta da duk waɗanda suka sani, ba ta yi daidai da ko ɗaya ba. Sabuwa ce, sai suna. Bisa al'ada, aka duba inda mara lafiya ta farko ta fito. Shi ke nan. Ba taro, ba shawara da mutanen gari.

Abin da ya biyo baya ne ya sa sunan ya zama abin tsoro. Casals da kansa ya kamu a ɗakin gwaji, ya kai bakin kabari, aka ɗebi ruwan jinin Pinneo aka ƙara masa, ya tashi. Kafin shekarar ta ƙare wani ma'aikacin ɗakin gwajin, Juan Roman, ya kamu ya mutu, alhali ba shi ke aiki da ƙwayar kai tsaye ba. Yale ta dakatar da aikin, aka mayar da shi cibiyar CDC a Atlanta. A farkon 1970 cutar ta sake ɓulla a asibitin Jos, wannan karon 'yan Nijeriya ne, marasa lafiya da ma'aikata, wasu suka rasu. Likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawa, ita ma ta rasu. In ka karanta yadda ake ba da labarin nan, sunayen Turawan ne ke yawo. 'Yan ƙasar adadi ne kawai. Wannan ma wani abu ne da ya kamata mu lura da shi a tarihin suna.

Da aka kalli ƙwayar a madubin lantarki, sai aka ga dunƙule mai riga, cikinsa da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi. Ɗigon nan injinan ƙera furotin ne na ƙwayar halittar da ya fito daga ciki, ya kwaso su a hanya. Akwai wasu masu irin wannan kama da aka riga aka sani a Kudancin Amurka, sai aka haɗa su gida ɗaya a 1970 aka kira su Arena, daga kalmar Latin ta yashi. RNA ɗinsa gutsure biyu ne, furotin huɗu kacal yake ƙerawa. Huɗu fa. Da su yake kayar da ƙato. Ɓeran da ke ɗauke da shi, mai nonuwa da yawa, a Saliyo aka gano shi bayan ɓarkewar 1972. Sannan wani babban bincike na 2015, wanda masanan Nijeriya da Saliyo ke ciki, ya nuna ƙwayar ta haura shekara dubu a yankin da yake Nijeriya a yau. Wato ta daɗe tana kashe mutane ana cewa zazzaɓi ne ko shawara. Abin da ya faru a Lassa a 1969 shi ne ta kama wadda za a iya kai jininta Amurka.

Masana sun ji a jikinsu. A 1976 wata cuta ta ɓarke a ƙauyen Yambuku a Zayar, Kwango ta yanzu: mutum 318 suka kamu, 280 suka mutu. Tawagar likitocin duniya ta zauna a Kinshasa za ta sa suna, wani ya ce a kira ta Yambuku. Joel Breman na CDC ya tuna musu abin da ya sami Lassa. Shugaban tawagar, Karl Johnson, ya ce to a nemi kogi. Suka duba taswira suka ɗauki Ebola, wanda daga baya aka gane ba shi ne ma mafi kusa da ƙauyen ba. Yau ba mai ƙyamar ɗan Yambuku saboda sunan garinsu. Darasin Lassa ne ya cece su.

A Amurka ma an yi. A 1993 wata cuta ta huhu ta kashe matasa a yankin ƙabilar Navajo. Aka so a sa mata sunan wani kwari da ke ƙasarsu, suka ce ba su yarda ba. Aka yi ta ja, ƙarshe aka kira ƙwayar Sin Nombre, da Sifaniyanci ke nan, ma'ana "marar suna". Bambancin su da mutanen Lassa shi ne su an ji muryarsu.

Rigimar suna ba ta gari kaɗai ba ce. Murar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, duniya na ce mata murar Sifen, alhali ba can ta fara ba. Sifen ba ta cikin yaƙin duniya, jaridunta ne ke da 'yancin faɗin gaskiya, sai sunan ya manne mata. Ƙwayar ƙanjamau ta yi suna uku a lokaci guda, Faransawa na cewa LAV, ɗakin gwajin Robert Gallo a Amurka na cewa HTLV-III, wani kuma ARV, don duk wanda sunansa ya zauna shi ne ya gano, kuma akwai kuɗin na'urar gwaji a gaba. Sai a 1986 wani kwamiti ƙarƙashin Harold Varmus ya ce kowa ya ajiye nasa, HIV za a ce. A 2009 kuma aka ce "murar aladu", Masar ta yanka aladu wajen 300,000, alhali mutane ne ke shafa wa mutane.

Sai a watan Mayun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida: sabuwar cuta kar a sa mata sunan wuri, ko mutum, ko dabba, ko abinci, ko sana'a. Shi ya sa ranar 11 ga Fabrairun 2020 aka ce COVID-19 ne sunan ciwon, kwamitin ICTV kuma ya ce ƙwayar SARS-CoV-2. Kun tuna bambancin da na ce ku riƙe? Ga shi nan. Kalmar korona kanta daga Latin take, kambi, saboda ƙayoyin da June Almeida ta gani sun kewaye ƙwayar a shekarun 1960. Ƙa'idar ba ta hana Donald Trump cewa "bairos ɗin Chana" ba, kuma ba ta hana jaridu cewa nau'in Indiya, nau'in Afirka ta Kudu, har da nau'in Nijeriya ba, wato B.1.525, wanda aka fara gani a Ingila da Nijeriya a Disamban 2020. A ƙarshen Mayun 2021 aka koma haruffan Girka, namu ya zama Eta. Da Omikron ya zo, masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka sanar da duniya da wuri, ladan da suka samu shi ne rufe musu hanyar jirgi. Ingila ta sa Nijeriya ma a jerin ja a Disamban 2021 na 'yan kwanaki. Ni a ganina nan ne haɗarin yake. In faɗin gaskiya zai jawo maka suna da hukunci, gobe wani zai yi shiru, kuma shirun ne ke kisa.

Abin da ya canja, kuma yana faranta mini rai, shi ne yanzu muna cikin ɗakin da ake yanke shawara. Cibiyar Christian Happi a Ede, jihar Osun, ita ta fara karanta bayanin gadon korona a Afirka a Maris 2020. A Yunin 2022, da ƙyandar biri ta shiga Turai jaridu suka yi ta sa hotunan baƙaƙen fata, Happi da Ifedayo Adetifa, shugaban NCDC na lokacin, da wasu masana suka rubuta takarda suka ce a daina cewa nau'in Afirka ta Yamma da nau'in Kwango. A watan Agusta aka mayar da su na I da na II, a Nuwamba ciwon ya koma mpox. Mu kuma har yanzu muna cewa ƙyandar biri, wanda kuskure biyu ne a suna ɗaya. Ba dangin ƙyanda ba ce, 'yar gidan agana ce. Biri kuma tsautsayi ne ya hau kansa, don a jikin birran ɗakin gwaji aka fara ganinta a Denmak a 1958, masana sun fi zargin dangin ɓera da kurege.

To Lassa fa? Ƙa'idar 2015 ta sababbin cututtuka ce, ba ta taɓa tsofaffi. Kwamitin ICTV kuwa, wanda jerinsa ya haura nau'i 14,000, ya yanke a 2021 cewa kowane nau'i sai ya samu suna mai kalma biyu, sunan gida da sunan ɗa, abin da Holmes ya nema a 1948 aka yi masa dariya. Na ƙyanda ya zama Morbillivirus hominis. Nau'in da korona ke ciki ya zama Betacoronavirus pandemicum, ba Wuhan ba Chana. Na Ebola ya zama Orthoebolavirus zairense, yana ɗauke da sunan ƙasar da ta bar wannan suna tun 1997. Namu kuma aka rubuta Mammarenavirus lassaense. Kalmar farko na nufin ɗan gidan yashi mai kama dabbobi masu shayarwa. Ta biyun, in ka fassara ta daga Latin, ma'anarta "ɗan Lassa".

Mu kwana nan.